Tambayoyin Masu Karatu: Yaya Ake Cewa “Na Fi Shi Ci” da Turanci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da shinkafa da wake ce, wato abin da kowa ya sani da waakye, a bakin titi a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma ina da ɗa a aji biyu na babbar sakandare. Makon jiya ya dawo gida ransa a ɓace, da takardar insha'i a hannunsa. An ce su rubuta labarin ranar da ba za su taɓa mantawa da ita ba, shi kuwa sai ya kawo labarin Babbar Sallar bara, ranar da suka yi gasar cin tuwo da miyar ayoyo shi da yayansa, ya tashi da malmala biyar, yayan nasa ya tsaya a uku. Abin da ya rubuta shi ne “I overate my brother”. Malaminsa ya zagaye kalmar tsakiya da jan biro, ya ɗora mata alamar tambaya, bai ƙara ko harafi ɗaya ba. Yaron ya kafe cewa shi ne da gaskiya, domin a saninsa “over” na nufin sama, kuma shi ne ya zo sama a gasar. Yayarsa kuma ta ce da ya rubuta “I chop pass am” ya huta. Ni ban yi nisa a boko ba, amma daga cinikin waken nan nake saya masa littattafai, kuma ba na son ya shiga jarrabawar WASSCE da kuskuren da ba a warware masa ba. Shin Turanci yana da kalma guda da ke nufin mutum ya fi wani cin abinci?

Mai karatunku daga Aboabo, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a, ya raya zuriya. Kalmar tana nan, ita ce “outeat”, wasu kuma suna rubuta ta da karan ɗori, “out-eat”, duka biyun kuwa ana samunsu a rubuce. Tana juyawa kamar yadda uwarta “eat” take juyawa: idan abin ya wuce sai a ce “outate”, idan kuma ta biyo bayan “has” ko “had” sai ta koma “outeaten”. Saboda haka jimlar da yaron yake nema ita ce “I outate my brother”. Malaminsa ya yi daidai da ya zagaye kalmar, ko da yake na so a ce ya ƙara layi ɗaya a gefen takarda ya nuna masa inda aka samu tangarɗa, domin yaron ya zo daf da amsa, ɗafa-goshi ɗaya kawai ya musanya da wani.

Ɗafa-goshi shi ne ɗan guntun da ake liƙa wa kalma a gabanta don a sauya mata ma'ana, kuma biyun da suka rikita yaron su ne “over” da “out”. Idan aka liƙa “over” a gaban aiki irin na ci, ko barci, ko dafuwa, abin da ake nufi shi ne an wuce kima. “Oversleep” makara ce, “overcook” shi ne a bar abinci bisa wuta har ya caɓe, “overload” kuma shi ne lodin da ya fi ƙarfin mota, irin wanda kowa yake gani a bakin kasuwar Kejetia. To haka “overeat” take: mutum ya ci fiye da abin da cikinsa yake buƙata. Ma'aunin a nan cikin mutum ne, babu ruwansa da wani. Shi kuwa “out” a irin wannan gini yana nufin an zarce wani mutum daban, ma'auninsa abokin karawa ne.

Ki duba bencin da ke gaban teburinki da safe, Hajiya, za ki ga bambancin a fili. Ga wani ya zo shi kaɗai, ya sa an zuba masa wake a ganye, aka ɗora taliya da gari da ganda da ƙwai, aka malala miyar barkonon nan ta shito, ya cinye ya nemi ƙari, har sai da ya kasa miƙewa. Wannan ya yi “overeat”, amma bai yi “outeat” ɗin kowa ba, domin babu wanda ya kara da shi. Ga kuma wasu yara biyu 'yan makaranta da suka haɗa kuɗi suka sayi ɗan kaɗan, ɗayan ya yi loma shida, ɗayan ya yi huɗu, suka tashi babu wanda ya ƙoshi. Mai loma shida ya yi “outeat” ɗin abokinsa, alhali ko kusa bai yi “overeat” ba. A ranar Sallar nan mai yiwuwa ne ɗanki ya haɗa duka biyun, tunda malmala biyar ba wasa ba ce, amma abin da yake son faɗa a takardarsa shi ne na biyun. Matsalar jimlarsa kuwa ita ce “overeat” ba ta karɓar mutum a bayanta, ana cewa “I overate” ne a tsaya nan. Idan aka jingina mata “my brother”, kunnen mai harshen zai ji kamar ɗan'uwan ne ya zama abincin, wannan ne ya sa malamin ya ɗora alamar tambaya.

Sai dai ya kamata a ba yaron haƙƙinsa, domin tunaninsa yana da madogara. Akwai kalmomin da “over” take nufin rinjaye a cikinsu: “overtake” ita ce direbobin hanyar Kumasi zuwa Accra suke faɗa idan mota ta wuce 'yar'uwarta, “overpower” kuma fin ƙarfi ne. Daga irin waɗannan ya yi ƙiyasi, kuma ƙiyasi alama ce ta ɗalibi mai tunani. Abin da ya rage ya sani shi ne waɗannan tsofaffin kalmomi ne da suka zauna a haka, ba a ƙera sababbi a kansu yadda aka ga dama. Idan ana son ƙera kalmar fin wani a cikin wani aiki, “out” ake ɗauka.

Dangin “out” suna da yawa, kuma sanin su zai amfane shi fiye da sanin “outeat” ita kaɗai, don su ne zai riƙa cin karo da su a jarida da takardun jarrabawa. “Outrun” fin gudu ne, “outnumber” fin yawa, “outlive” shi ne mutum ya rayu bayan wani ya rasu, “outbid” shi ne a fi wani tayi, “outgrow” kuma ita ake faɗa idan yaro ya girma har rigarsa ta yi masa kaɗan. Ke kanki idan cinikinki ya fi na maƙwabciyarki, “outsell” kika yi mata. Akwai wani abu a ginin nan da nake son yaron ya riƙe da kyau. Kalmar “eat” abinci take karɓa a bayanta, a ce “I ate the rice”, amma da zarar an liƙa mata “out” sai ta saki abincin ta kama mutum, a ce “I outate my brother”. Ba a cewa “I outate the rice”, kuma ba a barin ta tsirara a ce “I outate” kawai, dole a ambaci wanda aka fi. Wajen furuci kuma, nauyin murya yana sauka a kan gaɓa ta biyu, wato kan “eat” ɗin, saɓanin sunaye irin su “outcome” da “outlook” da nauyinsu yake kan gaɓar farko.

Wannan gini ya daɗe a Turanci kuma har yau bai tsufa ba. Shakespeare, a wasansa na Hamlet da ya rubuta wajajen shekarar 1600, ya liƙa “out” a gaban sunan Sarki Hirudus, wanda tsofaffin wasannin kwaikwayo suke nunawa a matsayin mai hargagi, ya ce “out-herods Herod”, yana nufin ɗan wasan da ya fi Hirudus ɗin kansa hargagi. Tun daga wancan zamani marubuta suke ƙera irinsu duk lokacin da buƙata ta taso, shi ya sa wani lokaci ƙaramin ƙamus na makaranta ba ya kawo “outeat”, amma duk mai harshen da ya ji ta zai gane ta nan take.

Yanzu bari in dawo kan maganar yayarsa, domin a nan ne nake ganin asalin abin yake. “I chop pass am” jimla ce lafiyayya a Turancin titi na Ghana, kuma duk wanda ya taso a zango ya san dalilin da ya sa take da sauƙi a bakinmu. Mu Hausawa da aikatau muke kwatanta abu biyu, wato “fi”: na fi shi ci, ta fi ni tsawo, ya fi kowa gudu. Maƙwabtanmu Asante ma haka suke yi da “sen” ko “kyɛn”, su ce “ɔware sen me”, ma'ana ya fi ni tsawo. Turancin titi ya ɗauki “pass” ya ɗora mata wannan aikin. Yaron da ya tashi a Aboabo ko Asawase yana jin harsuna uku a rana, kuma dukkansu hanya ɗaya suke bi wajen kwatance, sai ya shiga aji ya tarar da na huɗu da ya bi wata hanya daban, yana amfani da “more than” ko ya ƙara “er” a ƙarshen kalma, kamar “taller than”. Ba raunin ƙwaƙwalwa ba ne idan ya yi tuntuɓe a nan, kuma ba na son iyaye su ɗauke shi haka. Amma hukumar WAEC mai shirya jarrabawar WASSCE, wadda aka kafa a 1952 kuma babban ofishinta yake Accra, daidaitaccen Turanci take aunawa, don haka “chop pass” wurinta dandali ne da hirar abokai, ba takardar jarrabawa ba.

Daga wannan bambanci ne wani kuskure yake fitowa da na sha gani a rubutun yaranmu, har ma da na manya, wato a ce “I ate than my brother”. Mai rubuta haka ya ɗauka “than” ita ce “fi”, sai ya ga babu buƙatar “more”. A gaskiya “than” ba ta iya tsayawa ita kaɗai, sai an riga an kawo “more” ko “less” ko wata kalmar kwatance kafin ta. Wasu kuma sukan zarce su ninka abin, su ce “more better”, alhali “better” ta riga ta ƙunshi fifikon a cikinta.

Shawarata ga yaron ita ce ya san “outeat”, amma ya ɗauki “eat more than” a matsayin makaminsa na yau da kullum. “I ate more than my brother did” jimla ce da babu mai duba takarda da zai sa mata jan biro, kuma ita ce masu harshen da kansu suka fi faɗa. Ƙaramar kalmar nan “did” da ke ƙarshe ba dole ba ce, amma tana da amfani, domin tana tabbatar da cewa cin yayan ake kwatantawa da nasa cin. Idan yana son ya fito da adadi, sai ya ce “I ate five balls of tuo to his three”, ko kuma “I ate two more than he did”. Idan ninki ne, “twice as much as” ake cewa ga abin da ba a ƙirgawa kamar shinkafa, “twice as many as” kuma ga abin da ake ƙirgawa kamar ƙosai.

Ita “outeat” tana ɗauke da ƙamshin gasa, shi ya sa aka fi jin ta a labaran masu gasar ci. A Amurka, a unguwar Coney Island ta birnin New York, kamfanin Nathan's yana shirya gasa duk ranar 4 ga Yuli ta cin dogon burodin nan mai nama a tsakiya da suke kira “hot dog”. A 2001 wani ɗan Japan mai suna Takeru Kobayashi ya cinye 50 cikin minti 12, a 2007 Joey Chestnut ya doke shi da 66, sannan a 2021 shi Chestnut ɗin ya kai 76 cikin minti 10. Ni dai raina ba ya son irin wannan wasa da abinci, kuma na san yawancin masu karatunmu da suka tashi da hadisin raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, ba za su so shi ba. Na kawo shi ne don a ga muhallin kalmar. Tunda labarin ɗanki labarin gasa ne tsakanin wa da ƙane, “outate” ta dace da shi sarai.

Akwai tarko biyu da zan ambata a taƙaice. Kada ya juya kalmar ya ce “eat out”, domin wannan na nufin cin abinci a waje, a gidan abinci, “eat up” kuma shi ne a cinye tas. Haka nan zai iya cin karo da “eat someone under the table”, wadda ita ma fin wani ci take nufi, amma an aro ta ne daga maganar mashaya da ke gasar shan giya, don haka ba na ba shi shawarar sa ta a insha'i. Ki ce masa ya gyara jimlar, ya mayar wa malaminsa da takardar cikin ladabi, ya nuna masa ya gano inda ya kauce.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni saurayi ne daga Nima, ina aikin kai abinci tebur a wani otal a Accra. Kwanakin baya wani baƙo daga Ingila ya cinye farantin shinkafa dafa-duka ya nemi ƙari, ni kuma don jin daɗin yadda ya so abincinmu sai na ce masa “You eat too much, sir”. Nan take na ga fuskarsa ta canja, bai kuma taɓa farantin na biyu ba. Wallahi yabo na yi nufi. Wace kalma ce yabo, wace ce zagi, idan ana maganar mai yawan ci?

Mai karatunku daga Nima, Accra

AMSA

Ƙanena, na yarda yabo ka nufa, kuma na san inda ka samo shi. A titunan Accra idan aka ce wa mutum “you be too much”, an kai shi ƙololuwa ke nan. Amma a Turancin baƙonka “too much” kullum wuce kima take nufi, don haka abin da ya shiga kunnensa shi ne wani yana tsaye a kansa yana gaya masa cewa cinsa ya yi yawa. Ka auna yadda Bahaushe zai ji idan ya je gidan mutane, yana tsakiyar ci mai gida ya ce masa ya cika ci.

Kalmomin suna hawa-hawa. Mafi laushi su ne waɗanda suke yabon sha'awar abinci, irin su “a good appetite” da “a healthy appetite” da “a hearty appetite”, waɗanda uwa za ta iya faɗa game da ɗanta tana murna. “A big eater” bayani ne kawai, ba yabo ba zagi, ko da yake ya fi kyau mutum ya faɗe shi game da kansa. “He eats like a horse” raha ce tsakanin waɗanda suka saba, kishiyarta kuma “she eats like a bird” ga mai tsakurar abinci. Daga nan sai a gangara wajen masu zafi. “Wolf down” da “gobble” suna siffanta mai ci hannu baka hannu ƙwarya. “Greedy” ita ce haɗama da zari, wato mai son ya kwashe har rabon wasu. “Glutton” kuwa acici ne, kuma kalma ce mai nauyi ƙwarai, domin a al'adar Kiristanci “gluttony” tana cikin manyan zunubai bakwai da aka daɗe ana lissafawa. Kwatanta cin mutum da na alade kuma zagi ne tsagwaro a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu.

Tunda a gidan abinci kake aiki, akwai tagwayen kalmomi da ya kamata ka bambance, dukkansu daga Faransanci, wanda ya zuba wa Turanci ɗimbin kalmomin girki da na tebur tun bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066. “Gourmet” shi ne masanin daɗin abinci, mai tantance mai kyau da maras kyau, kuma yabo ne. “Gourmand” shi ne mai son ci da yawa, kuma ko da yake wasu suna faɗarta cikin sakin fuska, tana iya karkata zuwa zargi. Haruffa kaɗan ne suka raba su a rubuce, don haka idan ba ka tabbata ba ka bar su duka.

Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ka yi magana a kan abincin, ka bar cikin baƙo da adadin lomarsa. Mu ma a gida ba a ƙirga wa baƙo loma, sai dai a tura masa kwano a ce ya ƙara. Ƙari a Turanci “a second helping” ne, ko “seconds” a taƙaice. Akwai kuma maganganu biyu na teburinmu da baƙi sukan yi jim idan sun ji. Muna cewa “you are invited” idan wani ya same mu muna ci, wanda shi ne bismillarmu da aka sa wa rigar Turanci, baƙo kuwa zai fi saurin gane “please join me”. Muna kuma cewa “I am satisfied” idan mun ƙoshi, su kuma sun fi cewa “I'm full” ko “I've had enough, thank you”, don haka kada ka ɗauka baƙo ya ƙi abincin ne idan ya ce maka “enough”.

Idan wannan baƙon ya sake zama a teburinka, ba sai ka tayar da maganar da ta wuce ba. Idan ka ga ya share faranti, ka ɗan rusuna ka ce “I'm glad you enjoyed it, sir. Would you like some more?”, sannan ka jira amsarsa kafin ka ɗauke farantin.